Faifan Jimina

Iliyasu makanikin injunan ban-ruwa ne a Kura. Da safe yana kwance injunan manoman tumatir da albasa, da yamma ya koma bayan shagonsa ya ci gaba da ƙera jirgin sama. Ya daɗe a kan wannan aiki, har mutanen gari suka gaji da dariya suka koma tambayarsa jikin jirgin kamar yadda ake tambayar mai jinya. Sun ma raɗa masa suna, Jimina, saboda ga fukafukai ga gudu, amma ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa ta bar ƙasa.

Gangar jikin bututu ce marar nauyi da aka lulluɓe da fallen alminiyam. Tayoyin na A Daidaita Sahu ne. Kujerar ta roba ce irin ta gidan biki, an yanke mata ƙafafu. Injin ne abin tinƙaho. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya samo shi, an ciro daga wata tsohuwar motar Japan da kowa ya ƙi. Ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikinsa, ana ce masa rotari. Ƙarami ne, ga ƙarfi, kuma Iliyasu ya gani a wayarsa cewa irinsa masu ƙera jirgi a gida suke nema a ƙasashen waje.

Abu ɗaya ya rage, faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin, wanda makanikai ke kira fulawil. Na motar ya yi nauyi. Mota ba ruwanta da nauyi, jirgi kuwa ko takalmin matuƙinsa sai an yi shawara. Sabo ake bukata: faɗi ɗan ƙasa da inci goma sha biyu, yadda zoben haƙoran da ke tayar da injin zai zauna a bakinsa daram, kauri kwatan inci, nauyi kada ya haura kilo uku.

Ga lokaci yana ƙurewa. Filin tashin Jimina shi ne hanyar jan ƙasa da ke bin gefen babban kanal na ban-ruwa. Da rani tana nan kamar daɓe. Ruwan farko na sauka, taraktoci da shanu za su dama ta, sai kuma baɗi. Zafi ya riga ya yi tsanani, gajimare ya fara leƙowa ta gabas.

Daga Kura har Bunkure mutum ɗaya ne ke da injin sassaƙa ƙarfe da zai iya aikin, Malam Datti maƙeri, wanda ke yi wa injunan casar shinkafa fulawil. Shi ne kuma mahaifin Zuliha, matar Iliyasu, wadda yake kira Auta. Iliyasu ya so ya kai aikin Kano a ɓoye. Kafin ya shirya, Malam Datti ya faɗa a ƙofar masallaci cewa muddin yana numfashi ba baƙon maƙerin da zai taɓa ƙarfen jirgin mijin Auta. Daga ranar hanyar Kano ta toshe.

Tun da aka ɗaura auren Iliyasu bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna, in da lungu kusa ya shige. In an kawo abinci ɗayansu na wurin, ɗayan zai tuna da wani uzuri. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu gaisuwa ce.

Don haka Zuliha ce 'yar aike. Iliyasu ya yanko kwali daidai faɗin, ya fere ɗan katako daidai kaurin, ya miƙa mata.

"Ga faɗi, ga kauri. Ki ce wa Baba kada ya ƙara, kada ya rage."

"Ni zan ce wa Baba kada?"

"To ki nemo wata kalmar."

Ta nema a hanya. Da ta isa sai ta ce, "Baba, ya ce wai kai ka fi shi sani."

Malam Datti ya san abu biyu. Na farko, fulawil nauyi ne. Injin casar da faifansa ba shi da nauyi tari yake yi kamar tsoho a lokacin sanyi. Na biyu, gyara. Mai shinkafa in ta auna maka kwano, sai ta ɗebo da hannu ta ƙara maka. Malam Datti in ka sayi fartanya, sai ka tarar da 'yar wuƙa a cikin ƙunshin. Bai taɓa sallamar mutum da iyakar abin da ya nema ba, don a wurinsa wannan rowa ce. Bare ma ke nan, balle mijin autarsa.

A baro aka kawo faifan. Faɗin ya yi daidai, zoben haƙora ya zauna lafiya. Kaurin yatsa biyu ne cur. An goge shi, an shafa masa koren fenti. Iliyasu ya gwada ɗagawa da hannu ɗaya, ya ƙara na biyu, sannan ya gyara tsayuwa.

Zuliha ta ce, "Baba ya ce ya yi maka gyara."

"Na ji ta a bayana."

"Ya ce ƙarfe ne na asali. Jikokinka ma sa gada."

"Za su gada kam. A ƙasa."

Amma dole ya ɗaura shi. Gari ya ga shigowar baron, kuma gari zai kai labari. Washegari da sassafe aka turo Jimina kan hanyar kanal. Manoma suka bar kwamin gonakinsu suka jeru. Injin ya tashi da ƙara mai daɗi, farfela ta kwashe hulunan na kusa. Jimina ya zabura. Ya wuce gonakin albasa, ya wuce 'yar gadar siminti, hancinsa na manne da ƙasa kamar akuya mai neman ƙaiƙayi. Iliyasu ya ja sandar tuƙi har ta taɓa cibiyarsa. Ko gezau. Inda hanyar ta karya kwana aka tara kwandunan tumatir da ba komai a ciki, ana jiran ɗiba. A cikinsu ya tsaya.

Lahadi, wata 'yar Filato da ke sayar wa leburori shinkafa da wake a wurin, ta cire kwando daga kan farfela ta leƙa.

"Injiniya, in Kano za ka, rage min hanya mana. Na ga kai ba ka tsayawa ɗaukar fasinja."

Labarin da ya isa maƙera shi ne jirgi ya yi gudun da ba a taɓa gani ba. Malam Datti ya shafa gemu ya ce aikin nauyi ke nan, da ma an ɗan ƙara. Zuliha ta kawo wannan saƙo har gida. Iliyasu ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Ya zauna ya yi tunani irin na makaniki. Ya nemi kwatan inci, an ba shi ninki shida. To in Baba ninki shida yake yi, sai a nemi kashi ɗaya cikin shida. Ya duba shago ya samo murfin gwangwanin madara.

"Ki ce na farkon ya fi ƙarfin wannan ɗan jirgin, an adana shi saboda babba da za a yi nan gaba. Yanzu ana son wani mai wannan kaurin."

Zuliha ta juya murfin a hannunta. Ba ta tambaya ba, shi ma bai yi bayani ba. Tana da tata dabarar, ita ma ba ta yi bayani ba.

Akwai Isiyaku, dillalin tumatir daga Zariya, da ke zuwa gonakin Kadawa, nan kusa da Kura, duk rani. Sa'an Malam Datti ne. Bakano da Bazazzage kuwa abokan wasa ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma abin da ɗa ba zai iya faɗa wa dattijo ba, abokin wasa zai faɗa a tsakiyar kasuwa a yi dariya. Zuliha ta aika masa da kwanon dambu, ta gaya masa abin da take so: a sa Baba ya bi awo sau ɗaya a rayuwarsa.

Isiyaku ya isa maƙera ana tsaka da aiki, murfin madarar na kan benci.

"Bawana, ina kwana? An ce ka ƙera wa surukinka dutsen niƙa ka ce ya tashi da shi sama."

"Wa ya kwance wannan Bazazzagen da sassafe? Ku ba shi tsaki ya wuce."

"Ni tausayinka ya kawo ni. A Zariya in ka tsinke gashin gemu ka ba maƙeri ka ce ya yi maka kaurinsa, haka zai yi. Ku Kanawa awon da kuka sani na malmala ne. Ita ma sai kun ɗora wata a kai."

"Maƙeran Zariya? Waɗanda in sun yi allura sai an ɗauko ta a jaki?"

Isiyaku ya ɗauki murfin ya ɗaga shi a rana. "Wannan aka ce ka yi? Kai dai mayar musu. Ka ce ido ya tafi, hannu kuma ya saba da gatari. Ba abin kunya ba ne, tsufa ne. Zan saka shi a motar tumatir, a yi a can a dawo maka da shi ka ce kai ka yi."

Masu kawo aiki suka fashe da dariya. Malam Datti ya karɓe murfin.

"Ka dawo jibi. Ka taho da tabarau, don ba lalle idonka ya gan shi ba."

Wannan karon ba baro. Zuliha ce ta shigo da shi a ƙarƙashin mayafi, tana riƙe da shi da yatsa biyu. Iliyasu ya karɓa. Faifan ya lanƙwasa ya miƙe da kansa, ya yi wani kuka kamar kwanon rufi a iska.

"Ina gyarar?"

"Babu. Daidai murfin, ko gashi bai ƙara ba." Ta ɗaga kai tana jiran yabo. "Ni na tura masa Isiyaku."

"Kin tura masa wa?"

"Isiyaku. Ba awo kake so a bi ba? An bi."

"Ba awon ba ne! Na rage ne don in ya ninka ya zo daidai!"

"Ai da ka gaya min."

"Ke kin gaya min?"

Suka tsaya suna kallon faifan. Zuliha ta karɓe shi ta auna da ido.

"Zai rufe tukunyar dambu."

Ta ƙara da cewa Baba ma ba ya cikin walwala. Tun da aikin ya fita ba gyara bai ci abincin kirki ba. Yana ta cewa don ya kunyata Bazazzage ya kunyata kansa, ya sallami mijin 'yarsa kamar baƙo.

"Saƙo na uku kuma ba da ƙafata ba," in ji ta. "Ubana ne, amma ƙarfenka ne."

Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kawo ƙanshin ƙasa, sannan ya watse. Shamuwa biyu suka sauka a kan rimin bakin kasuwa. Iliyasu ya kalle su, ya kalli Jimina, ya ɗauki ɗan katakon farko ya sa a aljihu.

Tun daga bakin layin maƙera ya tuɓe takalmi. Malam Datti na zaune shi kaɗai, sai wani farin rago da yake turka saboda layya, ɗaure a jikin turken rumfa. Iliyasu ya tsuguna daga nesa, ya fuskanci bango. Malam Datti ya juya ya fuskanci ɗaya bangon. Aka gaisa. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi zafi, aka sake tambayar gida. Gaisuwa ta ƙare. Ragon na tsakaninsu yana tuƙa.

Malam Datti ya yi gyaran murya ya dubi ragon.

"Kai Sarkin Ci, na ji an ce ƙarfen nan na biyu ma bai yi ba."

Iliyasu ya ɗan juyo, shi ma ya dubi ragon.

"Aiki kam ba a magana. Mai awon ne ya aiko da shirme."

"To na farkon fa, Sarkin Ci?"

Ragon ya daina tuƙa. Iliyasu ya share gumi.

"Na farko da injin casa ya samu, da an mutu an bar shi yana aiki. Shi jirgi abu ne marar godiya. Alheri in ya yi masa yawa sai ya ƙi tashi."

"Ikon Allah. Ashe har ƙarfe akwai butulu."

"Akwai."

Iliyasu ya zaro katakon ya ajiye a gaban ragon. Ragon ya sansana ya kai baki. Malam Datti ya riga shi. Ya juya katakon, ya gwada da farcensa.

"Tambaya min, Sarkin Ci. Yanzu so ake in yi daidai wannan, in miƙa wa mijin Auta haka nan, ba ƙari, kamar mai kantin magani? Sau ɗaya na yi, har yau ban iya fita masallaci da wuri."

Iliyasu ya taho da amsar wannan tun daga gida.

"In ba za a ce an yi zaƙewa ba, akwai abin da ake so aka kasa roƙa. Huji. A zagaye faifan da huji, kowanne faɗin bakin kofin shayi, tazararsu ɗaya, don in ɗaya ya kauce injin zai yi ta rawa. Aiki ne mai wuya, shi ya sa aka ji nauyin faɗa."

"Wuya a wurin wa? Huji nawa?"

"Shida."

"Takwas."

"Shida dai, Sarkin Ci, don Allah."

"Gaya masa shida aka roƙa, biyu gyara ce. Ba a mayar min da gyara."

Iliyasu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka fi ƙarfi. Takwas ɗin dama yake so.

Faifai na uku ya zo a hannun Zuliha, ba baro ba mayafi. Kauri kwatan inci, huji takwas a jere kamar an zana. Aka ɗora shi a sikelin masu shinkafa, allura ta tsaya ƙasa da kilo uku. Fentin ma ba a shafa ba. Zuliha ta ce Baba ya tambayi ragon, ragon ya ce fenti nauyi ne.

Da safe aka sake turo Jimina. Rana ta fito ta ƙasan wani baƙin gajimare, iska ta tsaya cik. Mutane sun fi na farko yawa. Masu kwanduna sun kwashe kayansu tun jiya. Lahadi ta matsar da tukunyarta bayan bishiya.

Iliyasu ya zauna a kujerar roba, ya ɗaure igiya a ƙugu, ya hanga gaba. Can wajen 'yar gadar siminti, daidai inda yake sa ran tashi, mutum biyu na tsaye a gefen hanya. Ɗaya Isiyaku ne. Ɗayan ya juya wa hanyar baya yana kallon gonar shinkafa, kamar ita ya zo dubawa. Iliyasu ya san wannan ƙeyar. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya miƙa wa na kusa.

"Saboda nauyi," in ji wani manomi.

"Saboda nauyi," in ji Iliyasu.

Injin ya ɗauka da sauri, ba irin na da ba. Jimina ya zabura. Gonakin albasa suka wuce. Hancin ya fara sauƙi, tayar gaba tana taɓa ƙasa tana saki. Iliyasu ya ji lokaci ya yi, amma ga gada, ga farar hula. Mutum ya bi ta gefen surukinsa a zaune ma abin magana ne, balle ya bi ta samansa. Ya yanke shawarar sai ya wuce tukuna.

Jikinsa bai ji shawarar ba. Yana zuwa daidai Malam Datti, ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ya duƙar da kai, ya maƙure, ya janyo hannayensa biyu zuwa ƙirji. Sandar tuƙi tana cikin hannayen.

Ƙarar tayoyi ta ɗauke.

Malam Datti bai waiga ba. Rana na bayansa, inuwarsa ta miƙe a kan shinkafa. Ya ga wata inuwa mai fukafukai ta bi ta saman inuwar hularsa, da haske tsakaninsu.

Jimina ya tashi har ya haura tsayin rufin A Daidaita Sahu, bai kai reshen mangwaro ba. Ya tafi haka tsawon gonar albasa biyu, yana ɗan karkata. Sannan Iliyasu ya ɗago kai ya ga inda yake, ya saki sandar. Suka dawo ƙasa da ƙarfi, taya ɗaya ta fashe, jirgin ya yi rabin juyi ya tsaya yana fuskantar inda ya fito. Mutane suka kwasa a guje suna kabbara. Lahadi ta yi guɗa da ludayi a hannu.

Isiyaku ya dafa kafaɗar Malam Datti.

"Bawana, surukinka ya bi ta kanka."

"Ban gani ba."

"Ai ba ka duba ba."

"To wanda bai duba ba, wa ya yi masa rashin kunya?" Ya gyara hula. "Huji takwas ke nan. Da goma na yi, da yanzu yana Zariya yana kallon ƙauyanci."

Bayan azahar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kafin la'asar hanyar kanal ta zama kunu. Iliyasu na zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa ba takalmi, don wanda ya riƙe masa bai dawo da su ba. Zuliha ta shigo a jiƙe daga gidansu.

"Baba ya ce a yi maka barka. Ya ce kuma ya ji an ce farfelar katako ce. Wai a aiko masa da awonta kafin rani mai zuwa."

Iliyasu ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ragon nan nasa, da layya za a yanka shi?"

"To don me ake turka shi?"

"Ki roƙe shi ya bar shi. Zan kawo wani."